'Yan rawa biyar a ƙaramin dandamali: ƙafa na rarrabuwa, da'ira na toshe kallo

Mai_Kalangu, Nima:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Rawar zamani ce ta minti bakwai, mutum biyar, dandamali mita shida a mita huɗu. Kiɗan agbadza ne na ƙabilar Ewe, an saka juyin Takai, rawar Dagomba, a tsakiya. In duk biyar suka yi motsi ɗaya, kafin minti biyu ƙafafu sun rarrabu. In suka yi da'ira kuma, mutum biyu ke juya wa 'yan kallo baya su toshe sauran. Ina gyaran yake?

Anti Rabi, Madina:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da ƙirga. Kugen agbadza, wanda Ewe ke kira gankogui, bugu bakwai yake yi a zagaye guda, ƙafa kuwa sau huɗu take takawa a ciki. Wani na bin bugun kuge, wani na bin huɗun, dole su rabu. A kashe kiɗan tukuna. Mutum ɗaya ya buga kwalba da cokali, sauran su taka huɗu a wuri ɗaya, minti biyar kafin kowane atisaye. Zagaye biyu na kuge shi ne ƙirga takwas ɗinku ta rawa.

Kuma kada motsi ɗaya na bai-ɗaya ya wuce ƙirga takwas sau huɗu. Cikin mutum ashirin kuskure na ɓuya, cikin biyar kuwa hannun da ya makara da rabin ƙirga kowa zai gan shi. Raba su uku da biyu, ko su shiga bi-da-bi, kowa bayan ƙirga biyu.

Malam Sule, Maamobi:
Takai rawar fili ce ta Dagomba, jama'a kewaye ta ko'ina, shi ya sa da'irar ba ta toshe kowa. Irin wannan aikin na ɗora rawar fili kan dandamali malamin rawa Mawere Opoku ya yi da ƙungiyar rawa ta Ghana Dance Ensemble a Jami'ar Ghana da ke Legon tun 1962. Buɗe da'irar ta zama rabi, bakinta na kallon jama'a, ko ka jera su kusurwa zuwa kusurwa. Layin nan ya ɗan haura mita bakwai. Tazarar mita ɗaya da rabi sau huɗu ta ci shida, sauran na gefe. In ka matse su, batakari, rigar nan mai faɗi da 'yan Takai ke sawa, zai bugi na kusa in ya buɗe. Manna salatif a ƙasa inda kowa zai tsaya.

Wani abu kuma: a Takai ana haɗa sandunan ƙarfe biyu-biyu, na gaba sannan na baya. Biyar ba ta rabuwa biyu, kullum ɗaya zai daki iska. Huɗu su haɗa, na biyar ya sauka ƙasa ya yi nasa a hankali.

Mai_Kalangu:
Na gode Malam. Sai dai ƙasan tayil ne.

Yaya Hawa, Sabon Zango:
To kada a durƙusa da ƙarfi, gwiwa ba ta yafe tayil. Sauka ta gefen cinya, tafin hannu ya fara taɓawa. Safa na zamewa, ƙafa mai gumi na kamawa tsakiyar juyi, nan idon sawu ke gurɗewa. A ajiye tsumma a gefe, a rage juyi biyu zuwa ɗaya. Malam Sule, ni zan ƙara ƙirga ɗaya bayan kowane juyi, don batakari mai nauyi yana ci gaba da zagayawa bayan jiki ya tsaya. A fara atisaye da shi mako biyu kafin ranar.