Yaya kuke riƙe rimot ɗin duron, hannu bai gaji ba, hoto bai yi fizga ba?

Mai hoton biki, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan da na sayi duron Mini 3 Pro da rimot irin wanda ake maƙala wa waya a sama, RC-N1. Tashi da sauka ba sa ba ni wahala, amma akwai abin da ya gagare ni. Asabar ɗin da ta wuce na yi aikin wani biki, uwar amarya ta ce tana son a ɗauko gidan daga sama kafin jama'a su taru, jirgi ya zagaye shi a hankali, rumfuna da kujeru duk su fito. Sau huɗu na yi zagayen. Da na dawo na zuba a kwamfuta, babu ko ɗaya da zan iya kai wa mutane. Hoton yana tafiya lafiya sai ya yi fizga, ya tsaya, ya sake fizga, jirgin kuma yana ɗan hawa yana ɗan sauka ba ni na sa shi ba. Ga gindin babban yatsana na hagu yana min zugi tun daga batir na biyu.

Da manyan yatsu biyu kawai nake tuƙi, a tsaye, hannuwa a miƙe gaba. Don Allah kowa ya faɗi yadda yake riƙe nasa, da abin da ya gani da idonsa.

Tsohon mai kyamara, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin nan da ka bayyana na san shi kamar yunwar cikina, kuma hawa da saukar da kake gani ba daga jirgin ba ne. Ɗaga babban yatsanka yanzu, ka kaɗa shi hagu da dama kana kallo. Ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake yi kamar bakin lauje. To a tsarin da yawancinmu muke tuƙi, wanda ake kira Mode 2, sandar tuƙi ta hagu da ke kan rimot aiki biyu ne a kanta: tura ta gaba ko baya shi ne hawa da sauka, kai ta gefe kuma shi ne juya hancin jirgi. Idan za ka zagaye gida ta dama, sandar dama ce ke tura jirgin gefe, ta hagu kuma tana juya hancinsa hagu don kyamara ta ci gaba da kallon gidan. Yatsanka na nufar hagu sai ya ɗan ja sandar gaba ko baya ba ka sani ba, shi kuwa jirgi abin da aka gaya masa yake yi.

Ni tun zamanin duron Phantom 4 na bar wannan riƙon na babban yatsa kaɗai. Yanzu da yatsu biyu nake kama kowace sanda, babba da manuni, kamar mai ɗibar gishiri za ta zuba a miya. Amfaninsa shi ne yatsa ɗaya na turawa, ɗayan na tarewa. Sandar tana da sifirin da ke mayar da ita tsakiya, kuma fizgar da kake gani yawanci a wuri biyu take faruwa, lokacin da ka fara turawa da lokacin da ka saki. Mai yatsa ɗaya idan ya sassauta, sifirin ne ke dawo da sandar da ƙarfinsa. Mai yatsu biyu shi ke rako ta har gida.

Ba zan ɓoye maka ba, makonni biyun farko ji na yi kamar an ɗaure min hannu. Kullum bayan sallar asuba nake zuwa filin ƙwallon unguwarmu kafin yara su fito, in zaɓi bishiyar darbejiya ɗaya da ke gefe, in yi ta zagaya ta, batir ɗaya ta dama, batir ɗaya ta hagu. Ba na danna ɗauka ma, idona kawai yana kan lambar tsawo da ke ƙasan allo. Na ɗora wa kaina ƙa'ida: in na tashi a mita 15, in gama zagayen a mita 15. Ranar da na yi sau uku a jere lambar ba ta motsa ba, ranar na san hannuna ya faɗa.

Ɗan gem, Jos

Baba, da girmamawa, ban yarda cewa kowa sai ya koma riƙon gishiri ba. Rimot ɗin Phantom babba ne, akwai wurin ajiye hannu. Wanda Yaya yake da shi ƙarami ne, kuma 'yar tayar da ke sunkuyar da kyamara tana kafaɗar hagu, daidai inda manuni yake kwanciya. Idan manuni ya tafi riƙon sanda, wa zai juya tayar? Sai yatsan tsakiya, shi kuma bai saba da aiki mai laushi ba. Na gwada wata guda, duk lokacin da zan haɗa tafiya gaba da ɗago kyamara sai abin ya rikice min.

Ni da PlayStation na tashi, manyan yatsuna sun riga sun waye. Abin da na gyara kawai shi ne inda nake ɗora su. Da da ƙarshen yatsa nake dannawa, kusa da farce. Yanzu tsokar yatsan nake kwantarwa a kan sandar, kuma ba na ɗagawa har sai na gama ɗaukar, ko da sandar ta dawo tsakiya.

Tsohon mai kyamara, Kaduna

Maganarka ta tayar gaskiya ce ɗana. Ni yatsan tsakiya na koya wa, ya ɗauki lokaci. Akwai kuma hanya ta uku da na ga yara da yawa suna yi: babban yatsa a saman sanda, manuni kuma ya jingina da ita ta gaba kawai, bai kama ba. In ana bukatar taya sai ya zame ya tafi, ya dawo.

Injiniya, Zariya

Sannunku. Ni aikin duba gine-gine nake yi da shi, wani lokaci gonaki, don haka nakan yi awa biyu zuwa uku ina sauya batir. Malam mai tambaya, ka ce hannuwanka a miƙe suke gaba. A ganina matsalar tana nan, kafin ma a zo maganar wane yatsa.

Rimot ɗinka nauyinsa wajen giram 390 ne. Wayar yanzu kuma da rigarta takan kai giram 200 ko fiye, ga ta can a sama tana rinjayar rimot ɗin gaba. Kusan giram 600 ke nan, ya ninka nauyin jirgin kansa, wanda bai kai giram 250 ba. Wa ke ɗauke da wannan kaya? Ƙananan yatsunka uku da ke ƙasa. Gwada wannan yanzu: ƙanƙame kofi da yatsu ukun nan da ƙarfi, sannan ka yi ƙoƙarin zana da'ira a iska da babban yatsa. Za ka ji ya sandare. Hannu ɗaya ba ya dako ya kuma yi zane mai kyau a lokaci guda.

Hannuna ƙarami ne, na sha wannan wahalar sosai, har wuyan hannuna yake kumbura da dare. Abin da ya raba ni da ita igiyar ratayawa ce. Irin rimot ɗinka sai ka sayi ɗan maƙalin da ake ɗaura masa daban, sannan igiyar ta samu wurin kamawa. Ka nemi mai faɗi, siririya tana cin wuya. Ka daidaita tsawonta yadda rimot zai tsaya daidai cibiya, gwiwoyin hannu su manne da haƙarƙari. Da zarar nauyin ya koma wuya da kafaɗa, sai ka ga tafin hannu ya saki, yatsu sun samu sukuni. In aikin mai tsawo ne ma zama nake yi, a kujerar roba ko a bakin but ɗin mota, in ɗora damatsa a cinya.

Ga 'yan'uwa mata masu wannan sana'a, ku kula da bakin hijabi. Wata rana a wani gini iska ta kaɗo nawa ya rufe min hannun dama, gefensa ya ja sandar, jirgin ya nufi ƙarafan rufi. Allah ya kiyaye na saki sandunan duka biyu ya tsaya cak a iska. Tun daga ranar mai hannu nake sawa in zan fita aiki, igiyar kuma a samansa.

Na Maraɗi

Ina gaishe ku da aiki. Hajiya ta gama magana a kan nauyi, ni ta yanayi zan yi. Mu nan hannu biyu gare mu a shekara. Cikin hunturu yatsu sun bushe sun tsage, mutum ya shafa man kaɗanya ya fito, sanda kuma ƙarfe ce, sai ta riƙa sulɓewa. Na koyi shafa mai da dare, da safe in wanke kan yatsu da sabulu kafin in taɓa rimot. A watan Afrilu da Mayu kuma gumi ne. Ina rataya ɗan tawul a kafaɗa, duk sauyin batir in goge hannu da sandunan.

Zafi yana ɓata riƙo ta wata hanya da ban lura ba sai daga baya. Waya in ta yi zafi sai ta rage hasken fuskarta da kanta. Kai kuma ba ka gani sosai, sai ka ɗago rimot kusa da ido, ka karkata shi kana neman inuwa, kafaɗu sun ɗaga, gwiwar hannu ta bar jiki. Duk kyakkyawan riƙon da ka koya ya tafi. Yanzu ba na tsayawa a rana. Ina neman gindin bishiya ko inuwar katanga inda zan iya hango jirgina, in cire wa wayar riga. Su ma masu ƙera jirgin sun rubuta iyakarsa digiri 40 ne, mu kuwa a bazara muna wuce haka da rana tsaka, shi ya sa aikina na safe ne da bayan la'asar.

Sandunan kuma da ake kwancewa a adana a ƙasan rimot, a riƙa ɗaure su sosai, a hure ƙurar da ke taruwa a gindinsu. Na taɓa zargin hannuna da rawa mako guda, ashe sandar dama ce ta kwance rabin juyi.

Mai gyaran bidiyo, Kano

A taƙaice Malam, kafin zagaye ka tura maɓallin tsakiya na rimot, mai zaɓar saurin jirgi, zuwa C, wato tafiya a hankali. A jirginka iyakar gudu a nan mita 6 ne a daƙiƙa, a N mita 10, a S mita 16. Sannan ka shiga saitin manhajar, wurin da aka rubuta Gain da Expo, ka rage saurin juyawar hanci, ka rage saurin sunkuyawar kyamara, ka ƙara musu laushi. Expo yana sa tsakiyar sanda ta yi sanyi, ƙaramin motsi ya ba da ƙaramin sakamako. Kada dai ka cika laushin da yawa, don kyamara za ta ci gaba da tafiya bayan ka saki tayar, ta wuce inda kake so ta tsaya. Ni da nake karɓar hotunan mutane da yawa ina haɗawa, daga daƙiƙa biyar na farko nake gane wanda ya ɗauka a N.

Ɗan gem, Jos

Hajiya, tambaya ɗaya. In na zauna na ɗora hannu a cinya, eriya fa? Na taɓa jingina da mota na kwantar da rimot a kan cikina, jirgi na bayana, hoto ya fara yankewa.

Injiniya, Zariya

Ƙanena, jikinka da motar ne suka tare. A RC-N1 eriyar tana cikin maƙalin da ke riƙe waya, don haka gaban rimot ya fuskanci inda jirgi yake. Masu eriya biyu da ake ɗagawa kuma, faɗinsu ake nuna wa jirgi, ba tsininsu ba. Ni kujerar nake juyawa gaba ɗaya tun kafin in tashi jirgin, in fuskanci wurin aikin. In a tsaye nake, da ƙafa nake juyawa, ba da wuyan hannu ba.

Mai FPV, Abuja

Namu daban ne kaɗan. A jiragen da muke tuƙi da tabarau, sandar hagu ba ta da sifirin hawa da sauka, inda ka bar ta nan take zama, jirgin kuma ba ya tsayawa da kansa in ka saki. Duk da haka a cikinmu akwai gwanaye masu yatsa ɗaya, akwai masu biyu, ban ga riƙon da ya kori ɗaya ba. Abin da zan ƙara shi ne tsawon sanda. Doguwa tana ba yatsa tafiya mai nisa kafin jirgi ya amsa da yawa, ta fi dacewa da masu yatsu biyu. Mai babban yatsa kaɗai gajera ta fi masa, don doguwa tana sa shi miƙewa har gindinsa ya yi ciwo.

Mai hoton biki, Kano

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bar maganar kwana goma don in gwada kafin in dawo.

Igiya na fara saya, kamar yadda Hajiya ta ce. Ranar farko na ƙarar da batir uku, zugin nan bai zo ba. Riƙon gishiri na Baba na yi masa kwana huɗu, hannun dama ya karɓa, na hagu ya ƙi, saboda tayar da ɗan'uwanmu na Jos ya ambata. Yanzu abin da na tsaya a kai: dama yatsu biyu, hagu babban yatsa a sama, manuni a jingine yana zuwa taya yana dawowa. Na koma C, na rage juyawar hanci.

Jiya da safe na je wani fili bayan unguwarmu na zagaye tankin ruwa. Na tashi a mita 20. Zagayen dama na gama a mita 20, sau biyu. Na hagu har yanzu ina ƙarewa a 22 ko 23, yatsan yana tura sandar gaba in ya nufi dama. Baba, akwai abin da kake yi wa wannan ɓangaren, ko dai in ci gaba da zuwa filin? Ina da wani bikin ranar Juma'a ta sama.

Tsohon mai kyamara, Kaduna

Ci gaba da zuwa ƙanena, amma ka ba hagun batir biyu, dama ɗaya. Ka ɗan sauke tafin hannun hagu ƙasa a jikin rimot, yadda gindin yatsan zai yi daidai da sandar, lanƙwasar za ta ragu. Ranar bikin kuma ka yi zagayen ta dama, tunda ita ta faɗa. Ka turo mana mu gani.