Tsohon ciki da santsin ƙanƙara a Winifeg: ina neman shawarar waɗanda suka riga ni

Baƙuwar Manitoba ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina zaune a birnin Winifeg da ke lardin Manitoba na ƙasar Kanada, inda na biyo maigidana da yake karatu, kuma wannan ne hunturuna na farko a nan. Ga shi ya same ni da ciki na mako 33, wanda kuma shi ne na fari. Shekaranjiya ina dawowa daga awo, da na sauko daga bas sai ƙafata ta zame a wani wuri da na ɗauka jiƙewa kawai ya yi, ashe ƙanƙara ce ta daskare a kan kwalta. Allah ya taimake ni na cafki ƙarfen da ke bakin tashar, ban kai ƙasa ba, amma tun daga lokacin gabana yake faɗuwa duk sanda na tunkari ƙofar fita.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mahaifiyata tana bugo waya daga Zariya tana jaddada mini cewa kada in kwanta, in riƙa tattaki safe da yamma domin haihuwa ta zo da sauƙi, shi kuwa maigida cewa yake in zauna a ɗaki har Allah ya sauke ni lafiya. Ina roƙon waɗanda suka yi goyon ciki a ƙasashen sanyi su faɗa mini yadda suka yi: wane irin takalmi ya kamata in saya, yaya ake taka ƙanƙara, kuma idan tsautsayi ya sa na faɗi, me ya kamata in fara yi?

Maman Amira (Kalgari) ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Haihuwa biyu na yi a cikin hunturun birnin Kalgari na nan Kanada, inda muke da wata iska mai ɗumi da ake kira Chinook, wadda take narkar da dusar ƙanƙara da rana, da dare kuma ruwan ya sake daskarewa, a wayi gari hanya ta zama kamar madubi. Abin da ya zamar da ke shi ne irin ƙanƙarar nan marar kauri da ake hango baƙin kwalta ta cikinta, kuma ita ce mafi haɗari. Duk wurin da kika ga yana ƙyalli kamar an zubar da ruwa alhali ana tsananin sanyi, ki ɗauke shi a matsayin ƙanƙara. Ta fi yawa a tashar bas inda ƙafafu suka daddanne dusar, da bakin mararraba, da wurin ajiye motoci, da ƙarƙashin indararon gidaje.

Game da taku, Turawa suna cewa a yi tafiyar tsuntsun fengwin, ni kuwa tafiyar agwagwa nake kiranta. Ki ɗan buɗe ƙafafu, ki karkatar da yatsunsu waje kaɗan, ki sassauta gwiwoyi, ki riƙa yin gajeren taku kina sauke tafin ƙafa gaba ɗaya a lokaci guda, ba ki fara da dunduniya ba kamar yadda muka saba. Hannuwanki su kasance a waje cikin safar hannu, kada ki cusa su a aljihun riga saboda sanyi, domin da su za ki daidaita jikinki idan kin yi tangaɗi. Kaya kuma ki sa su a jakar goyo, su ma marasa nauyi, ki bar wa maigida cefane.

Akwai abin da ba za ki ji daga bakin ma'aikatan asibitin nan ba, saboda ba su san suturarmu ba. Doguwar abaya ko zani mai jan ƙasa yana shan ruwa, bakinsa ya daskare ya yi tauri, sannan ya harɗe ki a kan matattakala, ga shi tsohon ciki ya riga ya tare miki ganin ƙafafunki. Ni na rage tsawon abayoyina biyu zuwa idon sawu, ina sa wando mai kauri a ciki, takalmin kuma ya rufe sauran. Haka nan babban hijabi idan aka ɗora masa hular rigar sanyi yana rufe gefen ido, don haka ki ɗaura shi yadda za ki iya ganin ƙasa da gefenki ba tare da kin juya jiki duka ba.

Takalmi kuwa kada ki duba kyansa ko laushin gashin da ke cikinsa, ƙasansa za ki duba. Wata cibiyar bincike ta asibitin farfaɗo da marasa lafiya na Toronto tana gwada takalman hunturu a kan ƙanƙara ta gaske, tana wallafa sakamakon a shafinta mai suna Rate My Treads, kuma a gwajinta na farko mafi yawan takalman ba su ci jarrabawar ba. Ki nemi wanda ya samu maki a can, irin masu ƙasan Vibram Arctic Grip, marar tsini, kuma ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta fi kumbura.

Anti Nas (Toronto) ta amsa:

'Yata, na shafe shekaru ina aiki a ɗakin haihuwa, kuma zan yi magana ne a kan tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ta fi damuna. Ki fara sanin cewa ba sakacinki ba ne. Mai tsohon ciki ta ƙara nauyin da kan kai kilo 11 zuwa 16, nauyin kuma a gaba ya taru, sannan jiki yana fitar da wani sinadari mai suna rilaksin wanda yake sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin ƙugu domin shirin haihuwa. Waɗannan abubuwa su ne suke sa ɗan zamewar da a da za ki gyara tsayuwa ki wuce, yanzu ya nemi kayar da ke.

Idan kin faɗi a wannan matakin na ciki, kada ki yi saurin miƙewa. Ki juya ta gefe, ki durƙusa a kan gwiwoyi da hannuwa, ki dafa wani abu mai ƙarfi ki tashi a hankali. Daga nan ki kira sashen masu haihuwa na asibitin da kike awo a ranar, ko da ba ki ji ciwon komai ba, ko da kuma ba a kan cikin kika faɗi ba. Jariri yana cikin ruwa da kariyar mahaifa, kuma yawancin faɗuwa ba ta yi masa komai, amma abin da muke tsoro shi ne mabiyiya ta ɓantare daga jikin mahaifa, wanda yakan faru wani lokaci jinin yana taruwa a ciki ba tare da an ga ɗigo ɗaya a waje ba. Shi ya sa a asibitocin Kanada ake ɗaura wa mace na'urar sauraron bugun zuciyar jariri na aƙalla awa 4, idan kuma an ga alamar naƙuda ko ciwon mara ko jini, a riƙe ta har awa 24. Idan kin ga jini, ko faya ta fashe, ko ciki ya ɗaure ya yi tauri yana ciwo, ko kin bugu a kai, lambar gaggawa ta 911 za ki kira kai tsaye. Ki kuma lura da motsinsa: ƙa'idar da ake bi a nan ita ce, idan kin kwanta ta gefe kin nutsu ba ki ji motsi 6 cikin awa 2 ba, ki tafi asibiti.

Ki duba katin awonki ki ga rukunin jininki. Idan akwai alamar ragi a gabansa, wato ke Rh nagatif ce, kina buƙatar allurar kariya cikin awa 72 bayan faɗuwar. Wadda ake amfani da ita a nan, WinRho, a garin da kike zaune aka ƙirƙiro ta.

Na san halinmu na kunyar cikin fari, yarinya ta faɗi ta yi shiru don kada a ce ta cika raki. Wallahi na ga matanmu da suka zo bayan kwana biyu saboda wannan kunyar, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna. A wannan al'amari babu kara ko kaɗan.

Maganar Hajiyarki kuwa gaskiya ce. Jagorar 2019 ta likitocin mata na Kanada ta ce mai cikin da ba ta da wata matsala ta samu minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, a rarraba shi a kwana uku ko fiye. Sai dai babu inda aka ce dole a kan titi za a yi shi.

Abu Sadiq (Winifeg) ya amsa:

Malama, ki isar da saƙona ga maigida, domin rabin aikin namu ne mu maza. Gishirin da ake barbaɗawa a ƙofar gida ƙarfinsa yana raguwa sosai da zarar sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, mu kuwa a nan a watan Janairu yakan kai 30, don haka ya ajiye buhun yashi a bakin ƙofa yana watsawa a matattakala kowace safiya. Idan za ki fita daga mota, ki juyo da jikinki ki sauke ƙafafu biyu tare, ki dafa jikin motar kafin ki miƙe. Lokacin da iyalina take da tsohon ciki, nakan kai ta kantin Polo Park da safe ta zaga a cikinsa, akwai ɗumi, akwai kujerun hutawa da banɗaki, kuma za ki tarar da tsofaffi da yawa suna irin wannan tattakin. Ku riƙa karɓar lokacin awo da tsakar rana, tunda a ƙarshen Disamba ƙarfe huɗu da rabi rana take faɗuwa.

Maman Amira (Kalgari) ta ƙara da cewa:

Na manta abu biyu. Akwai robar da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi mai waya ko ƙananan ƙusoshi, irin su Yaktrax, tana riƙe ƙanƙara sosai, amma a kan tayil ɗin kanti ko na asibiti santsinta ya fi na ƙanƙarar, kuma cire ta yana buƙatar sunkuyo. Idan za ki sa, sai kina da wurin zama a bakin ƙofa ko wanda zai cire miki. Na biyu, faɗuwa ɗaya da na taɓa yi da ciki ba a titi ba ne, a ƙofar gidana ne, na zura silifa zan jefa shara a kwandon da bai fi taku biyar ba. Ki ɗauke silifanki daga bakin ƙofa gaba ɗaya har sai bazara.

Baƙuwar Manitoba ta amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Anti Nas, ban faɗa a rubutuna na farko ba, amma tun ranar da na zame nake jin ciwo a marata ta hagu, ina ɓoyewa. Da na karanta amsarki na kira asibiti, suka ce in zo, suka ɗaura mini na'urar har bayan la'asar, suka ce bugun zuciyarsa lafiya lau, ciwon kuma na jijiya ne da ta miƙe lokacin da na cafki ƙarfen. Jinina ma sun duba, ba na buƙatar allurar. Maigida ya karanta saƙon Malam Abu Sadiq, ya sayo yashi a hanyarmu ta dawowa, kuma mun tsayar da Litinin da Laraba da Asabar don zuwa tattaki a kanti. Yaya Maman Amira, akwai takalma biyu da na gani a shafin da kika ambata, ɗaya mai igiya ɗaya mai zif a gefe. Wanne ne ya fi sauƙin sawa ga wadda ba ta iya sunkuyawa?