Neman shawara: na yi wa gwaggona maganar haƙƙin 'yar aikinta, yanzu za ta mayar da ita ƙauye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan gidanmu a zauren nan.

Ni ɗaliba ce, shekarata ta biyu ina karatun shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni. Iyayena suna can wajen Tahoua, ni kuma ina zaune a Yamai gidan gwaggona, ƙanwar babana. Ita ke ci da ni, ita ke ba ni kuɗin faba-faba in haye gada zuwa Harobanda, inda jami'ar take, idan aljihu ya bushe. Ban taɓa ganin baƙar fuska a gidanta ba.

Bana muka soma darasin haƙƙin ɗan Adam. Da farko hadda kawai na ɗauke shi, abin da za a zuba wa malam a takarda a karɓi maki: sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 10 ga Disamba 1948 mai ayoyi 30, yarjejeniyar Afirka da aka amince da ita a Nairobi a 1981, yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989. Har ranar da muka zo kan shari'ar Hadijatou Mani. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240, wato sefa dubu 240, ta zama wahaya, baiwar da maigida ke ɗauka kamar matarsa ba tare da ɗaurin aure ba, a wani gida a yankin Ƙonni. Da ta samu takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai ita aka yanke wa hukuncin ɗaurin wata shida, wai ta yi aure kan aure. Sai a Oktoban 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a nan Yamai ta ce ƙasa ta kasa kare ta, a biya ta sefa miliyan 10. Jihar Tahoua fa, jiharmu. Na fito aji jikina a sanyaye.

Da na koma gida da yamma sai idona ya faɗa kan yarinyar da ke yi wa gwaggo aiki, kamar ranar na fara ganinta, alhali shekara guda ke nan tana wanke kwanon da nake ci a ciki. Ba za ta wuce shekara 11 ko 12 ba, ita kanta ba ta sani ba. Kafin kiran assalatu ta tashi ta hura gawayi, ta share tsakar gida, ta ɗauraye kwanonin jiya, ta raka yaran gwaggo lakol tana ɗauke da jakunkunansu, ta juyo daga bakin ƙofa. A madafa take kwana, kan tabarma, kusa da buhun gawayi. Tsakanin yatsunta duk ya tsattsage saboda ruwan omo. In tana wanki za ka ji tana rera a, be, se, de, abin da ta tsinta a bakin yaran. Jika takwas ake biya a wata, kuma ba hannunta yake shiga ba, wata mata ce ke zuwa karɓa.

Kuskurena shi ne ban iya riƙe bakina ba. Ranar Juma'a gwaggo ta daka mata tsawa don ta fasa kofi, a gaban wata baƙuwa. Sai na ce, da Faransanci kuma, wannan bautar da yara ne, doka ta hana. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce: “To madam alƙali, tukunyar shinkafar da kike ci wa ke wanke ta?” Ta kira babana a waya. Yau kwana huɗu ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu, kuma ta ce ƙarshen wata za ta mayar da yarinyar, tun da zamanta ya zama laifi.

Jiya da dare yarinyar ta same ni a ɗaki tana hawaye ta ce: “Anti, me na yi miki?”

Ban yi barci ba. In ba da haƙuri in yi shiru, to mene ne amfanin karatun? In ci gaba, ita ce za ta kwana a ciki, ba ni ba. Ku ba ni shawara.

Wata Hajiya daga Yantala:
'Yata, zan faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi. Ba maganar ce ta ɓata wa gwaggonki rai ba, wurin da kika yi ta ne. A gaban baƙuwa, da yaren lakol, ke da take ci da ke. Ko ni ce sai na ji kamar kin watsa mini ruwan zafi. Na riƙe 'yan aiki sun fi biyar, biyu ni na yi musu kayan ɗaki. Wasu iyayen da kansu suke kawo su suna roƙo, saboda rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Ban ce kwana a madafa daidai ne ba, ba daidai ba ne. Amma gobe da sassafe ki je ki durƙusa ki ce Gwaggo na yi rashin kunya, ki yafe mini. Kada ki haɗa da “amma”. Sauran magana sai ta huce.

Wani da ya gama karatun shari'a, yana aiki a Tahoua:
Ƙanwata, barka da shiga ciwon da duk muka yi a shekara ta biyu. Ni sai da na je hutu na ce wa kakana hukuncin da yake yi a ƙofar gida ba ya kan ƙa'ida. Har yau ana tsokanata da shi.

Abu na farko, ki kira kowane abu da sunansa, shi ne aikinmu. Bauta a dokar Nijar laifi ne na musamman tun gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003, ɗaurin shekara 10 zuwa 30, kuma tana nufin a mallaki mutum kamar kaya, irin abin da aka yi wa Hadijatou. Abin da kika bayyana sa yaro aiki ne kafin lokacinsa. Dokar ƙwadago ta 2012 ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙaranci. Laifi ne, amma da kika ce bauta kin ɗora wa gwaggonki abin da ya fi wanda ta aikata, ita kuma ta samu ƙofar fita.

Inda ni hankalina ya tsaya shi ne matar da ke karɓar kuɗin. Wace ce? Uwar yarinyar ta san ta? Nawa ke isa ƙauye cikin jika takwas ɗin? Yara nawa ta rarraba a gidajen Yamai? Akwai dokar hana safarar mutane ta Disamban 2010, kuma irin wannan dillanci a kusa da ita yake kiwo. Ban ce ki ruga wurin 'yan sanda ba. Ki fara sanin gaskiya tukuna.

Sai takardar haihuwa. Na tabbata ba ta da ita. Ana samun wadda kotu ke bayarwa a madadinta, da shaidu, a yankin da aka haife ta. Ba tare da ita ba ko an sa ta lakol, ranar jarrabawa za a cije.

Wani matashi daga Boukoki:
Ku dai 'yan jami'a da an karanta muku takardar Turawa sai ku dawo ku raina iyaye. A 1948 da aka amince da ita a Paris, wa ke mulkin Nijar? Faransa. Sai 1960 suka sake mu. Aikin tilas da suke sa kakanninmu sai a 1946 aka soke shi. Yau ma ku dubi Gaza ku gaya mini ina ayoyin nan 30 suke. Ki ci abincinki ki yi karatunki, ki bar gidan mutane yadda kika tarar da shi.

Wata malamar firamare:
Ɗan uwa, tarihin da ka kawo ba ƙarya a ciki. Amma ba Faransa ce ta shimfiɗa wa yarinyar nan tabarma kusa da buhun gawayi ba. Kuma ita yarjejeniyar Afirka da mai tambaya ta ambata ai mu muka rubuta ta, har da wajibin girmama iyaye da kula da dangi a aya ta 29. Ke kuma mai tambaya, ki bincika a unguwarku ko akwai ajin gaggawa na yaran da shekarun shiga lakol suka wuce su, wanda ake kira pasarel. Shekara guda ake yi, a mayar da yaro cikin aji na sosai. Yarinyar da ta haddace a, be, se daga bakin ƙofa ba za ta sha wuya ba.

Wani malamin islamiyya daga Talladjé:
Baiwar Allah, kin je da kalmar da gwaggonki ba ta jin tsoro. Kin ce doka. Wace mace ce a Yamai ta taɓa ganin an kama wata don 'yar aiki? Da kin ce alhaki, da kin ga ta yi shiru. Mu Hausawa tun kafin a gina jami'a muna cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Hadisin Abu Zarri yana cikin Buhari da Muslim: waɗanda ke ƙarƙashin hannunku 'yan uwanku ne, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora to ku taya su. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, ya ce ko “tir” bai taɓa ce masa ba. Amma ko wannan ba ke za ki karanta mata ba, ƙarama ba ta yi wa babba wa'azi a gidanta. Ki nemi wadda take jin nauyi, yayarta ko malamar da take zuwa wurinta karatu, ita ta saka maganar cikin hira.

Kuma ki lura da ƙarshen hadisin: ku taya su. Wannan bai buƙaci izinin kowa ba.

Wata mai sana'ar ɗinki a Wadata:
Ban saba rubutu a nan ba, amma wannan tawa ce. Ni ma an kawo ni Yamai ina da kamar shekara goma, na yi shekara shida a gidan mutane. Bari in gaya miki abin da yarinyar ke tsoro, tun da ba wanda ya tambaye ta. In aka mayar da ita, ba lakol za ta ba. Ko a kai ta wani gidan da ba ta sani ba, wanda ƙila akwai duka, ko maigida mai shigowa madafa da dare, ko kuma a ɗaura mata aure kafin damina biyu. Ni ƙawata da aka mayar, da ciki na gan ta shekarar da ta biyo. Shi ya sa ta ce miki me ta yi miki. A wurinta ke ce kika taɓa mata tuwo.

A gidan da na zauna akwai wata 'yar makaranta kamar ke. Ba ta taɓa yi wa uwarta gardama a kaina ba, ko sau ɗaya. Abin da ta yi: ta ce tsoro take ji ita kaɗai da dare, a bar ni in riƙa kwana ɗakinta. Ƙarya take yi, ba ta tsoron komai. Daga nan na bar kwanan madafa. Tana wanke kayanta da kanta. Bayan isha'i ta ba ni allo da alli, rabin awa. Ita ta koya mini lissafin da nake auna yadi da shi yau. Kuma ita ta lallaɓi Hajiya aka riƙa ajiye mini rabin kuɗina a gwangwani, aka ce wa mai karɓa an rage albashi. Da shi na biya kuɗin koyon ɗinki.

Ban ce ta fitar da ni daga wahala ba. Na sha wahala har na bar gidan, kuma har yau in na ji warin gawayi da asuba gabana na faɗuwa. Amma ki tambayi yarinyar me take so kafin ki sake buɗe baki a kanta. Kuma ki saya mata man kaɗanya ta riƙa shafa wa yatsun.

Wani ɗalibi, shekara ta uku:
Ni ban yarda a tsaya kan kwanan ɗaki da man kaɗanya ba. Haka ake yi kullum, a rage zafin abu, abin ya zauna daram. Da Hadijatou ta yi haƙuri da ba mu karanta ta a aji ba. Ita ma ai ba ita kaɗai ta yi ba, ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ce ta tsaya mata. In kin gano matar nan dillaliya ce mai yara da yawa, ki kai maganar ga masu aikin kare yara, ko da ba da sunanki ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na bi maganar Hajiya, na durƙusa da safe. Gwaggo ta ce ya wuce, amma ba ta dube ni ba, tana ta tsince shinkafa. Maganar mayar da ita ba ta sake tayarwa ba, ba ta kuma ce ta fasa ba. Ƙarshen wata saura kwana tara.

Na tashi da asuba na wanke kwanonin tare da ita. Bayana har yanzu ciwo yake, kuma gwaggo ta leƙo ta gan mu ta koma ba ta ce komai ba. Na tambayi yarinyar me take so. Ba ta ce lakol ba. Ta ce tana son ta ji muryar innarta, rabonta da ita tun ƙaramar salla, kuma lambar wayar maƙwabcinsu tana hannun matar da ke karɓar kuɗin.

Yaya mai aiki a Tahoua, in matar ta zo ranar biya, ta yaya zan karɓi lambar nan ba tare da ta gane abin da nake nema ba?