Ta yaya zan samu aikin farko daga kwastoman waje?

Salamu alaikum. Ina zanen tambari da fosta a kwamfuta a nan Kaduna, na kuma buɗe shafi a wani dandalin neman aiki ta intanet. Duk aikin da aka saka, kafin in gama rubuta tayina masu zane daga Indiya da Pakistan sun cika wurin, wasu ma dala 5 suke nema. Na sauke farashi har ya zama ko na samu aikin ba zai biya kuɗin data da man janareta ba, amma shiru. Na sabunta samfuran aikina, na koyi Figma (manhajar zane a kwamfuta), duk da haka ko buɗe saƙona ba a yi, don shafina babu sharhin kwastoma ko ɗaya.

Wanda ya wuce wannan matakin, don Allah me ya kawo masa aikin farko?