Yauri zan je ko in tsaya bakin Kogin Kaduna?

Maman Nana: Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin wata yarinya da ta tashi a tsibiri, ni kuwa ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Hutuna kwana 6 ne kacal. In je Yauri in kwana cikin masunta, ko in zauna da masu fito na nan gida? Kalmominsu nake son ji daga bakinsu.

Ɗan Kawo: Hajiya, ki jira bikin kamun kifi na Argungu kawai.

Malamin Tudun Wada: Ba biki ta tambaya ba. Malama, fara da kalmar: a can gungu ake ce wa tsibiri, shi ya sa ake kiran mutanen Gungawa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye gungu da dama, aka tashi mazauna. Tsofaffin nan za ki nema.

Baban Ikram: Ni roƙona ɗaya, kada ki shiga jirgin ranar kasuwa. Na shiga sau ɗaya, an labta buhunan masara da babura biyu, ruwa na lasar bakin jirgi, wani yaro na ta kwarfewa da rabin jarka. Muna tsakiya inji ya mutu, aka koma filafili. Rigar kariya ko ɗaya babu. Jirgin da ya nutse kusa da garin Wara, kudu da Yauri, a 2021 da mutum fiye da 100, abokin cinikina na ciki. Har yau matarsa ba ta ga gawarsa ba.

Maman Nana: Innalillahi. Allah ya jiƙansa.

Ɗan Kawo: Amin. Kuɗin mota dai 18,000 na biya.

Anti Barnawa: Yaushe rabonka da hanyar? Ƙanena 27,000 ya biya watan jiya.

Ɗan Kawo: To ƙanenki ne ya je, ni da ƙafata na je.

Sarkin Shayi: Wa ke neman tsibiri? Ki zo layinmu a Rigasa cikin Agusta, kyauta!

Anti Barnawa: Ana maganar rasuwa kana raha. Ni ba ruwan ne ke tsorata ni ba, hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina ce. Ramuka, ga fargaba.

Maman Nana: Malam, doguwar sandar nan da ake tura jirgi da ita fa, me suke ce mata?

Baban Ikram: Anti, bari kawai. Tayoyi biyu na rasa a hanyar nan rana ɗaya, muka kwana a Tegina.