Ƙanena na son sayen injin niƙa dutsen zinari, me kuka gani?

Baban Zainab: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena ya sayar da shanunsa, yana son ya kafa injin niƙa dutse a wajen Anka ta jihar Zamfara, tunda gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a watan Disambar 2024. Wane iri ya fi, kuma me zai kiyaye?

Alhaji Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. In kuɗinsa sun kai, ya nemi mai niƙa da ruwa. Injin hatsi da ake mayarwa na dutse ya fi araha, amma haƙoransa ba sa jimawa, ga ƙura. Kuma kada ya biya sai ya je da bakanikensa an tayar da shi a gabansa.

Maman Sadiq: Baban Zainab, kafin maganar iri, a ina zai kafa shi? Ni aikin jinya nake yi, tambayar da ta fi damuna ke nan. A 2010 da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shiga ƙauyukan Yargalma da Dareta na Zamfara, yara ne ke ta amai da jijjiga suna suma, mutane na zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe dalma ce cikin dutsen da ake kawowa gida. Sama da yara 400 suka rasu. Uwa na daka dutse a turmin da take daka hatsi, jariri na rarrafe a gefe yana kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma ba a samu yin nasa ba sai 2013.

Malam Bello: Allah Ya saka, Hajiya. Ni kam ra'ayina ya bar sana'ar ɗungurungum. Kakanninmu sun wanke zinari a rafi ba mu ji an yi irin wannan mutuwar ba. Injin nan ne ya zo da bala'i.

Auwal Gusau: Malam, da girmanka, in ya bari ya ci me? Gonar da ba ya iya zuwa saboda 'yan bindiga? An hana haƙa tun Afrilun 2019, a 2021 aka hana jirage shawagi, aka rufe layukan waya, duk da sunan tsaro. Wa ya daina haƙa? Talaka ne ya koma yi a ɓoye, a cikin gida, inda ya fi haɗari. Masu manyan motoci kuwa ba mu ga sun rasa abinci ba.

Malam Bello: Ɗana, yunwa ba ta halatta ka kashe ɗan maƙwabcinka. Ƙurar ba ta tsayawa a katangar mai inji.

Maman Sadiq: Duk ku biyun kuna da gaskiya, amma dai mutumin nan zai saya ko mun yarda ko ba mu yarda ba, gara mu faɗa masa yadda zai yi. Ya kafa shi can bayan gari, nesa da rijiya da wurin shan dabbobi. A jiƙa dutse kafin a niƙa. Ruwan wankin ya taru a rami guda, kada ya gangara fadama. Abin da mutane suka fi rainawa shi ne tufafi: mutum ya tashi aiki fari fat da ƙura har gashin ido, ya shigo gida ya ɗauki yaro ya ɗora a cinya. Ya ajiye kayan aiki a can, ya yi wanka a can, takalmin ma ya bar shi. Buhun da aka zuba dutse kada a sake zuba masara a ciki. Kuma a riƙa kai yaransa gwajin jini ko da lafiya lau suke, domin dalma na cin ƙwaƙwalwa ba tare da yaro ya kwanta ba. Maganin da ke fitar da ita akwai, sai dai ba ya amfani in za a mayar da yaro cikin ƙurar.

Alhaji Ɗanjuma: Har da zaiba da ake kama zinarin da ita. In za a ƙona ta, a fili, ba a ɗakin girki ba. Tururin ne guba.

Barista Nura: Ta ɓangaren doka, ɗage haramci ba lasisi ba ne. Ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya suke, izinin mai gari ko takardar ƙaramar hukuma ba sa wadatarwa. Ya shiga ƙungiyar masu haƙa mai rajista, su nemi izini tare ta ma'aikatar ma'adinai. Ya fi sauƙi a kan mutum ya nema shi kaɗai.

Auwal Gusau: Barista, rajistar da sai ka san wani?

Barista Nura: Da wahala kam, amma ranar da aka zo kame ita ce za ta raba shi da kwana a ofishin 'yan sanda.

Malam Bello: To in dai sai ya yi, sharaɗina ɗaya: kada ya ɗauki almajirai ko ƙananan yara aiki don sun fi arha.

Baban Zainab: Na gode ƙwarai, zan tura masa duka. A zauren gidansa ya so ya kafa shi saboda tsoron ɓarayi, wannan kam na hana. Alhaji, na ruwan nan nawa yake kaiwa yanzu?

Alhaji Ɗanjuma: Farashi kullum canzawa yake. Bari in tambayi yarona, zan kira ka bayan la'asar.