Lauyan haƙƙin ƙirƙira da tambarin kaya a Legas: akwai abinci a harkar?

Abba_Agege:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina Makarantar Horas da Lauyoyi ta Victoria Island, saura kaɗan mu gama. Hankalina ya karkata ga fannin haƙƙin ƙirƙira da tambarin kaya. Yaya ainihin aikin yake, kuma sai wanda ya karanta kimiyya?

Barista Hauwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abincin yau da kullum yana wajen tambari, kuma ba ya neman kimiyya. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, amma masu kayan suna nan Legas, daga Balogun zuwa Alaba. Ga yadda ake bi: ka fara bincike ko wani ya riga ya kama sunan, ka shigar da takarda, a ba ka shaidar karɓa, sai takardar amincewa, sannan a buga tambarin a mujallar ofishin. Daga ranar bugawa ana jira wata 2 ko wani zai ƙalubalanta. In shiru, sai satifiket. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14-14.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne aji. Kaya da hidimomi sun kasu aji 45: turare na aji 3, atamfa 24, ɗinkakkun tufafi 25, shinkafa 30. Ka yi wa Alhaji rajista a 24 alhali riguna yake sayarwa, ka bar masa ƙofa a buɗe. Sannan 'yan kasuwarmu da yawa sun ɗauka takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta kare musu tambari. Sam, sunan kamfani kawai ta tsare. Wannan bayanin sai ka yi ta maimaita shi har bakinka ya gaji.

Malam Sani Obalende:
Hajiya ta gama magana kan tambari. A ɓangaren ƙirƙira, dokar 1970 ce har yanzu ke aiki. Takardar haƙƙin ƙirƙira tana shekara 20 daga ranar shigarwa, ana biyan kuɗi duk shekara. In an makara akwai rangwamen wata 6 tare da tara, bayan nan ta mutu. Abin lura: ofishinmu cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske. Saboda haka satifiket ba tabbaci ba ne, ranar da aka je Babbar Kotun Tarayya a Ikoyi ake sanin na gaske. Nauyin duk yana kan yadda lauya ya rubuta iyakokin abin da ake neman karewa. Ka matse su, mai kwaikwayo ya canja ƙusa ɗaya ya wuce. Ka buɗe su da yawa, kotu ta soke. A nan kimiyya ke amfani, in ba ka da ita ka zauna da injiniya.

Kuma ka ja wa mai ƙirƙira kunne kada ya saka abinsa a Facebook kafin a shigar. Da ya fita bainar jama'a, sabuntarsa ta tafi.

Abba_Agege:
Allah ya saka da alheri. Aikin ƙasashen waje fa, Malam?

Malam Sani Obalende:
Can ne kuɗin yake, kuma kalanda ce ke mulki. Wanda ya shigar da ƙirƙira a wata ƙasa yana da wata 12 ya kawo nan da fifikon ranarsa ta farko. In ta PCT ce, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan shigar da ƙirƙira wadda Najeriya ta shiga a 2005, wata 30. Ka riƙe kundin ranaku na musamman, tunatarwa biyu ga kowace rana.

Barista Hauwa:
Ƙari kaɗan. Rajistar Najeriya iyakarta Najeriya. Mai kai kaya Nijar, Chadi ko Kamaru sai ya bi ta OAPI, ofishin rajistar haɗin gwiwa na waɗannan ƙasashe da ke Yawunde, rajista ɗaya ta ishe su. In kuma kamfanin nan zai biya na waje kuɗin amfani da fasaha ko tambari, a fara kai yarjejeniyar gaban NOTAP, hukumar da ke rajistar irin waɗannan yarjejeniyoyi, in ba haka ba banki ba zai tura kuɗin ba. Bautar ƙasarka ka nemi ofishin lauyoyin da ke shigar da takardun baƙi, ka fara daga teburin sabunta rajista.